An yi mini tayin zama cikakken ma'aikaci a manhajar da nake yi wa hidima kyauta, in karɓa?

Kwana-Zaune:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni bin wannan hanya.

Shekara uku ke nan ina ba da gudunmawa ga wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa ke iya karanta kod ɗinta, ya gyara, ya yi amfani da ita ba ko sisi. Wani ɗan kuskure da ya addabe ni a wurin aiki na fara gyarawa, tafi-tafi har aka ba ni izinin duba gyaran da wasu suka turo in shigar. Da daddare nake yi bayan yara sun yi barci, sai kuma ƙarshen mako. Makon jiya gidauniyar da ke riƙe da manhajar ta aiko mini da imel: sun samu tallafi, za su ɗauki mutum ɗaya ya bar komai ya riƙe aikin, kuma ni suke so. Kwantiragin wata 12 ne. Kuɗin bai kai albashina na yanzu ba, babu fansho, babu inshorar lafiya, haraji ma ni zan biya da kaina.

Wallahi da na karanta sai da na miƙe tsaye don murna. Amma tun ranar barci ya ƙaurace mini. Ina tsoron ranar da watannin za su cika. Abin da ya fi ci mini rai kuma shi ne, mu shida ne masu kula da manhajar, duk 'yan sa-kai. A cikinmu akwai wanda ya riga ni da shekara bakwai, shi ya koya mini duba gyaran mutane. Da wane ido zan dube shi ina karɓar albashi a kan abin da yake yi kyauta?

Tsohon Hannu:

Wa'alaikumus salam ƙanena, ina taya ka murna. Na yi irin aikin nan shekara huɗu, don haka saurara.

Aikin da za a biya ka dominsa ba shi ne wanda kake yi da daddare ba. Yanzu kai kake zaɓen abin da ya yi maka daɗi. In an ɗauke ka, abin da kowa ya guje wa shi ne rabonka. Dubi Django, buɗaɗɗiyar manhajar gina shafukan intanet: tun 2014 gidauniyarsu ke biyan mutane, kuma babban aikinsu tace ƙorafe-ƙorafe, duba gyaran wasu, da fitar da sabuwar siga. Masu Python, yaren rubuta manhaja, ma da suka ɗauki Łukasz Langa a 2021, tarin gyare-gyaren da ke jiran mai dubawa aka sa a gabansa. Ni kaina sai mako ya wuce ban rubuta layi hamsin na kod ba. Amsa tambayoyi, lallashin mai fushi, rubuta wa masu tallafi rahoto. Na zo na so aikin daga baya, amma wata ukun farko na ji kamar an ƙwace mini abin wasana.

Maganar malaminka kuwa, kira shi da murya kafin ka ba gidauniya amsa. Kada ya ji a sanarwa. Mai yiwuwa ma ya fi ka murna, don yawancin tsofaffin hannu gajiya ta ishe su, ba kuɗin suke hange ba.

Haɗarin da na gani da idona wani ne daban. Ana ɗaukata, sauran suka fara ja da baya, ba don hassada ba, sai don kowa ya ce ai yanzu akwai mai albashi. Mu biyar ne, cikin shekara biyu muka koma biyu. Laifina ne, saboda komai ya shigo sai in yi wuf in gama shi, ban bar wa kowa abin yi ba. Kuma ka san abin da ya samu xz, manhajar matse fayiloli, a Maris 2024: mutum ɗaya ya ɗauki nauyinta shekara da shekaru har ya gaji, wani ya shigo da sunan taimako, ya samu amana, ya dasa ƙofar ɓoye ta kutsawa cikin kwamfutocin mutane, sai Allah ya sa wani injiniya, Andres Freund, ya lura. Ka sa a rubuta a kwantiraginka cewa horar da sababbin masu kula yana cikin aikinka.

Maman Biyu:

Malam Kwana-Zaune, ni ta fannin kuɗi zan shigo, tunda ka ambaci yara.

Tambaye su kai tsaye: kuɗin nan daga ina? In kamfani ɗaya ne ya bayar, to albashinka na rataye da ra'ayin wani manaja da ba ka taɓa gani ba. A Agusta 2020 Mozilla, mai burauzar Firefox, ta sallami ma'aikata kusan 250, har da masu aikin buɗaɗɗiyar manhajarta Servo, kuma ba rashin ƙwarewa ya jawo musu ba. Shin kuɗin wata 12 ɗin yana asusun gidauniya yanzu, ko alkawari ne? Wa zai nemo na shekara ta biyu? Sau da yawa amsar ita ce kai.

Sannan wa zai ba ka umarni, kwamiti ko mai tallafi? Ranar da mai kuɗi ya so a ƙara wani abu, sauran masu kula suka ƙi, kai ne a tsakiya. Ka kuma karanta takardar da ake sa masu gudunmawa su sa wa hannu, ka ga wa ke da ikon canza lasisi, wato ƙa'idojin amfani da manhajar. Mutane da yawa sun zuba guminsu a manhajojin Terraform da Redis, aka canza lasisin a 2023 da 2024, dole aka ɓalle aka kafa OpenTofu da Valkey a madadinsu.

Kada ka kwatanta albashi da albashi. Cire haraji, inshora da abin da za ka ajiye wa tsufa, ka ga me ya rage. Ni ban bar aikina ba sai da na tara abin da zai riƙe gida wata shida. Kuma ka zauna da maiɗakinka da alƙaluman a gabanku.

Ɗan Koyo:

Yaya, ni ƙarami ne a harkar, amma kada tsoro ya hana ka. Evan You ya bar aikinsa a 2016 ya riƙe manhajarsa Vue da tallafin jama'a, Daniel Stenberg kuma tun 2019 manhajarsa curl ce aikinsa. Ko kwantiragin ya ƙare, duk aikinka yana fili, kowane mai ɗaukar ma'aikata zai gani.

Maman Biyu:

Gaskiya ne ƙanena, amma su biyun manhajarsu ta riga ta cika duniya kafin su yi tsallen. Aikin da ke fili yana taimakawa, sai dai ba ya biyan kuɗin haya a watan da kake neman wani aikin.

Kwana-Zaune:

Allah ya saka muku da alheri. Na kira malamin nawa jiya, muka yi kusan awa ɗaya. Ashe shi ya ba da sunana. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, kada in taɓa ɓangaren da yake kula da shi sai ya nema, don yana so ya ci gaba da zama mai amfani. Na kuma tura wa gidauniya tambayoyin Maman Biyu. Sun ce kuɗin yana hannu, amma daga wuri ɗaya ya fito. Gobe zan tambayi wurin aikina ko za su ba ni hutun shekara ba albashi. In sun yarda zan karɓa. In sun ƙi, zan nemi gidauniya ta fara ɗaukata kwana uku a mako.