Shin jirgin saman da aka haɗa a garejin gida abin yarda ne?

Malamin Fasaha, Kano:
Assalamu alaikum. A Amurka doka ta yarda mutum ya sayi sassan ƙaramin jirgin sama a cikin akwatuna, ya haɗa su a garejinsa, sannan ya tashi da shi, muddin shi ne ya yi fiye da rabin aikin, wato abin da suke kira ƙa'idar kashi 51 cikin ɗari. Ni dai ra'ayina shi ne bai kamata a bar irin wannan jirgi ya ɗauki kowa ba in ban da wanda ya haɗa shi, domin ita kanta FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, tana tilasta a manna sanarwa a cikinsa cewa bai cika ƙa'idojin da ake ɗora wa jiragen masana'anta ba.

Tsohon Makanikin Jirgi, Kaduna:
Wa alaikumus salam, Malam. Sanarwar tana nan, amma ba ita kaɗai ce sharaɗi ba. Kafin jirgin ya bar ƙasa sai mai dubawa na hukuma ya bincike shi, daga nan kuma sai a keɓe masa wani yanki marar cunkoson jama'a inda zai yi shawagin gwaji, galibi na awa 25 ko 40, gwargwadon irin injin da farfelar da aka sa masa, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba ya ɗaukar fasinja. Haka kuma an hana a yi hayar sa. Kamfanin Van's mai sayar da akwatunan sassan jirage ƙirar RV, wanda Richard VanGrunsven ya kafa a jihar Oregon a farkon shekarun 1970, yana da jirage fiye da 10,000 da masu su suka haɗa suka tashi da su. Mu a nan Kaduna ma mun san ƙirar, domin Air Beetle da rundunar sojin saman Najeriya ta koyar da matuƙa da shi daga RV-6A na kamfanin Van's aka samo shi.

Malamin Fasaha, Kano:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma misalin Air Beetle ni yake goya wa baya. Kamfanin AIEP na Kaduna ne ya haɗa su a ma'aikata, da injiniyoyi da masu sa ido. Wannan daban yake da ma'aikacin banki da ke dukan ƙusoshin ribit dubu-dubai, masu haɗa fallayen jikin jirgi, da daddare bayan ya taso aiki a gajiye.

Ɗalibar Injiniya, Zariya:
Malam, ina ganin inda kake hangen haɗarin ba nan ya fi yawa ba. A binciken da NTSB, hukumar binciken haɗuran sufuri ta Amurka, ta fitar a 2012, ta amince cewa waɗannan jirage sun fi na masana'anta yawan haɗari, sai dai abubuwan da suka fi fitowa fili su ne matsalar inji da ƙwacewar jirgi daga hannun matuƙi, musamman a tashin farko, ko na wanda ya haɗa shi ko na wanda ya saye shi a hannu. Ba karyewar fiffike ba ce ke kan gaba. Mutumin da ya shekara biyar yana lanƙwasa alminiyum yakan zama gwanin ƙira, alhali hannunsa ya yi sanyi a tuƙi, kuma ransa ba ya son ya miƙa wa wani matuƙin gwaji abin da ya sha wahala a kansa.

Tsohon Makanikin Jirgi, Kaduna:
'Yata ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu a watan Oktoba na 1997 a gaɓar tekun Monterey ta jihar California cikin jirgi ƙirar Long-EZ da wani ya gina, shi kuma ya saya. Zanen Burt Rutan, wanda ya ƙirƙiro Long-EZ, ya sa makunnin sauya tankin mai a tsakanin ƙafafun matuƙi, amma maginin ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, inda sai an juya jiki kafin a kai gare shi. Masu bincike sun ce wajen juyawar ne ya taka abin karkatar da jirgi ba da niyya ba, ga kuma ƙarancin mai tun daga tashi. Mai asali ya san wannan sauyi kamar tafin hannunsa, baƙo kuwa bai saba ba.

Malamin Fasaha, Kano:
To ai kun kawo ni gida. Idan kowane magini yana da ikon sauya wurin makunni yadda ya ga dama, ta yaya fasinja zai san abin da ya hau?

Ɗalibar Injiniya, Zariya:
Long-EZ daga zane ake gina shi, Malam, kowane sashe da hannu, shi ya sa ƙofar sauyi take a buɗe. Sababbin akwatunan RV kuwa da ramukan ribit a huje suke zuwa, ta yadda idan ramuka ba su dace da juna ba mutum zai gane ya kauce. Abin da zan nema a ƙarfafa shi ne horon sabawa da ƙirar tare da ƙwararren malami kafin tashin farko, da cikakken littafin da ke bayyana duk wani sauyi da magini ya yi.

Malamin Fasaha, Kano:
Na karɓi batun horon da littafin. Amma jirgin da ya sauya hannu, ina nan a kan bakana cewa sabon mai shi ya yi nasa awoyin gwajin shi kaɗai kafin ya ɗora iyalinsa.