Wace kalma za mu ba "magazine tube extension" da Hausa?

1/ Salamu alaikum jama'a. Ina fassara wani rubutu kan bindigogin farauta da gasar harbi a Amurka, sai na ci karo da "magazine tube extension". Na jefa wa na'urar fassara, ta ce mini "tsawaita bututun mujalla". Mujalla a ƙarƙashin bindiga! Ku zo mu sa kai.

2/ Bari in faɗi yadda abin yake, don suna daga siffa yake fitowa. Bindigar da ake ja baya a tura gaba kafin a sake harbi, wadda 'yan banga ke kira famfam, tana da bututu biyu. Na sama ta nan harbi ke fita. Na ƙasa kuwa harsasai ne jere a ciki, kai da gindi, sifirin na turo su ɗaya bayan ɗaya. Remington 870, wadda ta fito a 1950, huɗu take ɗauka a nan, ɗaya a shirye. In mutum na son ƙari, sai ya kwance marfin ƙarshen bututun, ya murɗa wani guntun bututu a wurin, ya sa sifirin mai tsawo. Wannan guntun muke nema wa suna.

3/ Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce a ce "mangaza". Malam, ka taɓo asali. Kalmar "magazine" daga Larabci take, makhazin, wato ɗakunan ajiya, ta bi ta Italiyanci da Faransanci ta shiga Ingilishi, mu kuma ta dawo mana a matsayin mangaza. Sai dai duk wanda ya ji mangazar harsashi, ɗakin ajiyar makamai zai hango a bariki, da ƙofa da kwaɗo.

4/ Wasu sun ce "gidan harsashi". Wannan ya riga ya sami mai shi: akwatin nan da ake cirewa a maƙala wani. Namu ba a cire shi a fagen harbi, a jikin bindiga yake zaune.

5/ Wani dattijo mafarauci ya kawo "kwari". Baba, ranka ya daɗe, wannan ta fi burge ni, na kwana ina juya ta. Kwari dogo ne, zagayayye, kibau ake zubawa a ciki, kuma kalmar tamu ce tun kafin albarushi ya iso. Amma abu biyu suka hana ni. A kafaɗa ake rataya kwari, ba a jikin baka ba, don haka ya fi kusa da jigidar harsashi. Sannan a rubuce, "ƙarin kwari" a wayar da ba ta da ƙugiya zai zama "karin kwari", mai karatu ya rasa ko ƙwari ne, ko kwarin da ruwa ke bi. Wata kuma ta ce "zunguru", na lalle. Hajiya, siffar ta yi daidai, amma mafarauta ba za su yafe mana ba.

6/ Ni dai na tsaya kan "bututun harsashi" ga na ƙasan, guntun da ake ƙarawa kuma "ƙarin bututun harsashi". A zance sai a ce ƙarin bututu kawai. Na ƙi "tsawaitawa" saboda aiki ce, mu kuwa abu muke nufi, wanda ake saye a riƙe a hannu.

7/ Na gwada ta a jimloli, ta zauna. Ƙarin bututu mai cin biyu shi ke zuwa kusan daidai da bakin bututun sama mai tsawon inci 18 da rabi. Wanda ya wuce baki sosai na 'yan gasa ne, kuma nauyi gaba yake rinjaya in an cika shi. Lissafin ma da harsashi mai inci 2¾ ake yi, in ka zuba mai inci 3 adadin zai iya raguwa. Bindigar Mossberg 500 ba ta karɓar ƙarin bututu kai tsaye, domin ƙarshen bututun harsashinta a rufe yake, nan ake ɗaure bututun sama. 'Yar'uwarta 590 a buɗe take. Wasu 870 Express kuma suna da 'yan lotse-lotse biyu a cikin bututun da ke tare hanya.

8/ Kishiyar ƙarin bututu ma tana son suna. A Amurka tun 1935 doka ta hana farautar tsuntsaye masu ƙaura da bindigar da ke cin fiye da uku, sai a cusa sanda a bututun a rage masa ciki. Na sa mata "matoshi". A Birtaniya kuwa, tun dokar 1988, bututun da ya wuce cin biyu lasisi mai tsauri yake buƙata.

9/ Saura ɗaya ta gagare ni: ƙarfen da ke kama bututun sama da na ƙasa ya haɗe su don kada ƙarin ya lanƙwashe. Na rubuta "maɗauri" da fensir. Makanikai da maƙera, me kuke ce wa irinsa a wurin aiki?