Neman shawara: horar da sabon injin ƙaramin jirgin rimot kafin tashinsa na farko

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Ringim, kuma na sayi ƙaramin jirgin sama mai tashi da rimot a hannun wani bawan Allah a Kano wanda ya ajiye shi bai taɓa tayar da shi ba. Irin na masu koyo ne, fiffikensa a sama yake, tsawonsa daga wannan gefe zuwa wancan ya ɗara mita ɗaya da rabi. Injinsa mai lamba 46 ne, wato kimanin cc 7.5, kuma ya haɗa mini da galan ɗaya na mansa wanda ba a buɗe ba. Na gama haɗa shi, amma ban kunna injin ba, domin na ji an ce sai an hora sabon inji kafin a sake shi sama. Ina neman a bayyana mini yadda ake yin hakan. Mai gyaran janareto na garinmu kuma ya ce idan man ya ƙare zan iya gauraya fetur da baƙin mai in zuba, shin haka ne? Sannan an gama girbi, gonaki sun zama fili, ko can ya fi dacewa da gwajin farko?

Dattijo mai gyaran babura, Gumel:
Wa alaikumus salam, yaro. Kada fetur ya kusanci wannan injin. Mansa haɗin metanol ne da ɗan nitiro da man shafawa kimanin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, galibi da man zurma a ciki, kuma filoginsa ba mai tartsatsi ba ne irin na babur: siririyar waya ce da batir mai bolt 1.5 yake sa ta yi ja, daga nan metanol ɗin da zafin ƙonewa su riƙe ta. Fetur ba zai riƙe ta ba, kuma zai kumbura tiyon silikon da ke kai mai. Maganar horo kuwa, ni abin da na sani shi ne ka buɗe allurar mai, wato abin da ke daidaita yawan man da ke shiga injin, sosai, injin ya riƙa ɓarɓarniya yana fesa mai ta salansa, ka bar shi a haka ya sha tanki uku ko huɗu cikin sanyi.

Malamin kimiyya, Kazaure:
Baba ya yi daidai a kan fetur, amma da izininsa zan yi gyara a kan horon, domin shawarar tasa ta injin da fistinsa ke da zobe ce. Yawancin masu lamba 46 na koyo ba su da zobe. Fistinsu na alminiyom ne, yana gudu a cikin hannun riga na tagulla da aka shafe da kurom ko nikel, kuma an tsuke saman hannun rigar da gangan, shi ya sa idan ka juya farfela da hannu za ka ji ta cije idan fistin ya kai sama. Wannan cizon ba aibi ba ne. Idan injin ya yi zafi tagullar tana buɗewa, fistin ya sami daidai wurinsa. Idan ka cika masa mai ya daɗe yana aiki a sanyaye, saman ba zai buɗe ba, fistin zai yi ta gogar wurin har matsin injin ya tafi tun bai ga sararin sama ba. Saboda haka, ɗan'uwa, ka fara duba takardar da ta zo da shi. Idan ka ga an rubuta ABC ko ABN, wato irin wannan marar zoben ne, to ka buɗe allura gwargwadon abin da takardar ta ce, yawanci juyi biyu ko biyu da rabi, ka tayar da shi, ka buɗe totur duka, ka rage mai a hankali har ɓarɓarniyar ta koma ƙara mai tsabta amma hayaƙi yana nan. Ka bar shi minti biyu ko uku, ka kashe, ya huce sarai, ka sake. Tanki biyu ko uku a haka sun isa, sauran horon a sama zai ƙarasa shi da mai ɗan yalwatacce.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙurar hunturu. Kafiretar irin wannan injin a buɗe take, kuma farfela tana tayar da rairayin da ke ƙarƙashinta. Ka yayyafa ruwa a wurin, ka shimfiɗa tabarma ko buhu ka danne gefensa da duwatsu masu nauyi, ko kuma ka ɗaure jirgin a kan tebur. Duk gyaran allura daga bayan farfela ake yi, kuma da sanda mai roba a baki ake bugunta, ba da yatsa ba, domin tana juyi fiye da sau 10,000 a minti.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode Malam. Na duba takardar, ABC aka rubuta. To yaya zan gane cewa injin ya isa a amince masa?

Malamin kimiyya, Kazaure:
Ka buɗe totur duka, wani ya ɗaga hancin jirgin ya kalli sama na kamar daƙiƙa goma. Idan ƙarar ta tsaya daram ko ta ɗan ƙaru, lafiya. Idan ta fara dusashewa, mai ya yi masa kaɗan, sai ka ƙara buɗe allura. Sannan ka bar shi a ƙaramin gudu na rabin minti ka buɗe totur farat ɗaya. Injin da ya yi tari ko ya mutu a nan, to a sama ma zai mutu, kuma galibi lokacin sauka ne, sa'ad da ba ka da tsayin da za ka gyara kuskure.

Tsohon mai tayar da irin waɗannan jirage, Dutse:
Ƙanena, ka manta da gona. Kunyoyi da kututturen karan dawa za su karya ƙafafun jirgin tun bai ɗaga ba. Filin idi ko filin ƙwallo mai tauri, wanda ba shi da wayar lantarki ko dogayen bishiyoyi a bakinsa, shi ya fi. Ka je da sassafe bayan gari ya waye, kafin iskar arewa maso gabas ta taso, kuma ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura, tunda jirgin da ba ka ganin fiffikensa ya fita daga hannunka.

Kafin nan ka auna daidaitonsa, tanki babu mai. Ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, a wurin da takarda ta nuna, wanda yawanci yake tsakanin rubu'i da sulusin faɗin fiffiken daga gabansa. Ya tsaya daidai ko hanci ya ɗan sunkuya. Idan jela ce ta rinjaya, kada ka tashe shi, ka matsar da batir gaba. Sai ka tsaya a bayansa ka tura sandar rimot dama: ɓallin fiffiken dama, wato ɗan yankin da ke motsi a bayan fiffiken, ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ka jawo sandar wajenka, ɓallin jela ya ɗaga. Jirage da yawa sun tarwatse cikin daƙiƙun farko saboda an haɗa wannan a juye. Ka sa rimot a yanayin gwajin nisa, ka ja da baya kamar mita 30, ka gwada da inji a kashe da kuma a kunne, sannan ka kashe rimot ɗin, wani yana riƙe da jirgin, ka tabbatar totur ya koma ƙasa da kansa.

Ra'ayina kuma, ba kai ya kamata ka yi tashin farko ba. Sabon jirgi yakan karkata, sai an saita shi yana sama, kuma idan ya juyo yana fuskantarka damarka ta zama hagunsa, a nan hannun ɗan koyo yake rikicewa. Ka yi atisaye da manhajar kwaikwayon tashi a kwamfuta, ka nemi wanda ya iya ya tayar maka da shi yana fuskantar iska, ya kai shi sama sosai, sannan ya miƙa maka.

Ma'aikacin ƙaramar hukuma, Taura:
Ku yi haƙuri in ƙara abu ɗaya. A halin tsaron da ake ciki, abin da ke shawagi a kan ƙauye yana tayar da hankali. Hukumar NCAA, wato hukumar sufurin jiragen sama ta Najeriya, ita ce ke kula da jirage marasa matuƙi, kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da hannu wajen ba da izini, don haka ka bincika abin da ya shafi naka. Kada ka wuce tsayin mita 120, kada ka kusanci filin jirgin Dutse ko na Malam Aminu Kano. Ka sanar da dagaci da 'yan sanda, ka duba ko akwai shanu a kusa, ka kuma sami manya biyu da za su tsare yara a bayanka, domin ƙarar injin kaɗai za ta tara maka rabin gari.

Dattijo mai gyaran babura, Gumel:
Malam, na karɓi gyaranka, injinan da na saba da su duk masu zobe ne. Kai kuma yaro, metanol yana jan danshi, saboda haka ka rufe galan ɗin da kyau ka ajiye shi a inuwa. Kullum ka gama, ka zuƙe man tanki, ka tayar da injin ya ƙone ragowar, ka ɗiga masa man shafawa kaɗan ta kafireta, ka toshe bakinta da tsumma mai tsabta. Kuma tun yanzu ka tambayi wanda ya sayar maka inda ya samo man, domin kowane tanki tashin minti goma ne ko sama da haka kaɗan, horo kuma zai fara cinye uku.