Hawan dutsen Shere a Jos, yini ɗaya zai isa?

Ɗan Bauchi: Salam jama'a. Ni da abokaina muna so mu hau dutsen Shere a hutun Disamba, mu taso daga Bauchi da asuba mu dawo a ranar, zai yiwu kuwa? Ba mu saba hawa ba gaskiya, ɗaya ma a cikinmu akwai tumbi.

Baban Ummi: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zai yiwu, amma da ni ne zan kwana Jos in fara hawa da sassafe. Kar tsayin ya tsorata ku, ƙololuwar ta kai mita 1,829 amma daga teku ake lissafi, garin Jos ɗin kansa ya haura mita 1,200, kun ga ba daga ƙasa za ku fara ba. Sai dai wajen duwatsun da ake kira Gog and Magog akwai inda sai kun kama dutse da hannu, shi mai tumbin ya bi a hankali kawai ba gasa ake ba.

Yar Tudu: Disamba kam ku zo da rigar sanyi, hunturun Jos ba wasa, kuma hazo zai iya hana ku hango gari sosai. Amma ya fi damina, lokacin duwatsun santsi gare su. Kambas mai ƙarfi, banda silifas don Allah.

Malam na Lamingo: Kar ku shiga ku kaɗai, ku nemi ɗan jagora a sansanin horar da matasa na Man O' War da ke wajen, ku tambayi yanayin tsaro kafin ku taso. Ruwa kowa gora biyu, da dabino, a sauko kafin la'asar.

Ɗan Bauchi: Na gode ƙwarai. To Malam jagoran nawa suke karɓa?