Ƙananan sambusa a gallayar iska: in saya ko in zauna da kaskona?

Maman Hanan, Hindawiyya
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah daga wadda ta yi da hannunta. Saura kwana goma sha biyu azumi. Bara na fara karɓar odar ƙananan sambusan nan na loma ɗaya, na nama da na jubna, wato cuku, daga gidaje huɗu a layinmu nan Makka, kullum guda 120 ban da namu na gida. Kicin ɗina ba taga, kafin magariba idona ya yi jawur, kaina na sarawa saboda hayaƙin mai. Ga shi likita ya hana Baban Hanan maiƙo. Na ɗauki adashe, riyal 400 ke hannuna. Shin gallayar iskan nan, wadda 'yan gida ke ce wa eya firaya, za ta fitar min da 120 tsakanin la'asar da magariba? Kuma gidan namu tsohon gini ne, soket biyu ne a kicin, ɗaya 110 ɗaya 220, firij na kan na 220.

Ummu Rayyan
Wa alaikumussalam. Saya kawai 'yar'uwa, ba za ki yi da na sani ba. Ni kaza nake gasawa a ciki, da dankali, har kifi. Yarana sun daina tambayar burosta, soyayyar kazar nan ta waje.

Hajiya Talatu, Shari'a Mansur
Sambusar da ba ta nitse a mai ba sunanta biskit. Ki daina sayen fallen leda ma, ki kwaɓa fulawarki da ɗan mai da gishiri, ki bar ta ta huta, ki murza da kanki. Naman kuma a sa masa kurrat, ganyen nan mai kama da na albasa, da kamun, kada a cika albasa, ruwa take kawowa.

Abu Khalid mai dabbab
Duk wadda ta gwada ta ajiye min guda ashirin, na kasko goma na gallaya goma, ni zan yanke hukunci bayan an sha ruwa. Kawowa kyauta ne, dabbab ɗina, abin hawan da nake kai kaya da shi, na nan.

Hajiya Binta
Maman Hanan, don girman Allah ki saurare ni kafin ki fitar da kuɗin adashenki. Ni abin nan ya ja min asarar da har yau ban farfaɗo ba. Shekara biyu ke nan, a Sha'aban kamar yanzu, na je haraji, kasuwar kayan gwanjo, na sayi babba ta hannu, mai sayarwar ya jona ta a gabana ta yi ƙara ta yi zafi, na biya 130 ina murna na yi riba. Kwana uku na farko lafiya lau, na gida kawai nake yi. Ranar huɗu ga azumi wata Balarabiya da na shekara shida ina yi mata girki ta ba ni odar guda 300 za ta kai masallaci sadakar mahaifinta, ta ba ni rabin kuɗi. Na naɗe su tun dare. Da na ga lokaci na tafiya sai na dinga cika kwandon har baki. Na sama suka ƙone, na tsakiya farare fat kamar ba su ga wuta ba, na jubna suka fashe, jubnar ta tsiyaye ƙasa tana hayaƙi. Ban ankara ba sai warin roba, ashe tausilar da na jona, wato wayar ƙarin soket, ce take narkewa a bayan buhun shinkafa. Wuta ta ɗauke a benen gaba ɗaya, saura minti arba'in a kira salla, mutane da shorba a kan wuta, tsofaffi a ɗaki ba mukayyif mai sanyaya ɗaki. Matar da ke samana ta sauko ta wanke ni tas a gaban 'ya'yana. Direban Balarabiyar ya zo na ba shi guda 90 kacal, ina kuka. Na mayar mata kuɗinta, ba ta ce min komai ba, amma daga ranar ba ta sake kirana ba, ita da 'yan'uwanta biyu. Na koma harajin bayan salla, mutumin ya ce bai taɓa ganina ba.

Ummu Rayyan
Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri Hajiya.

Maman Amir, Jidda
Amin. Amma Hajiya ai araha ba ta ado. Kayan wuta ba a saye a haraji. Ni sabuwa na saya da fatura, wato rasit, da garantin shekara biyu, 189, ta shekara uku ko tari ba ta yi ba.

Ummu Rayyan
189? Wace iri ce haka? Tawa 520 na saya, kuma lokacin ragi ne.

Rabi 'yar Misfala
Makon jiya na gani a waya 149, amma 'yar mitsitsiya ce, ko rabin kaza ba za ta ɗauka ba. Mai aljihu biyu kuwa na tambaya aka ce min ta haura 700.

Maman Amir, Jidda
Suna kuke saye ku. Duk fanka ce da ƙarfe mai zafi a sama.

Hajiya Binta
Sabuwa ko tsohuwa, duk ɗaya ne in oda ce. Ni na san abin da na gani. Har yau in na haɗu da matar saman nan a matakala sai ta kawar da kai. Kuma mai gidan ya caje ni 250 na gyaran waya.

Malam Sani mai gyaran wuta
Hajiya ki yi haƙuri, amma a yadda kika ba da labarin, tausilar ce ta cuce ki. Irin waɗannan tukwane suna jan wat 1400 zuwa 1800, wasu ma sun fi. Tausilar riyal goma siririyar waya gare ta, an yi ta ne don cajin waya da fanka. Maman Hanan, ke kaɗai kika faɗi abin da ya kamata a duba: soket. Wanda muke ce wa 110 a tsofaffin gidajen Makka 127 ne a gaskiya, tun 2010 gwamnati ta yanke a koma 230, shi ya sa kayan da ke shaguna yanzu na 220 zuwa 240 ne. In kika jona ta a na 110 ba za ta yi zafin kirki ba. Kada kuma ki raba soket ɗaya da firij. A ja miki layi nata daga akwatin wuta, da soket mai baki uku. Ki ware kuɗin wannan a cikin ɗari huɗun.

Zainab A., Jidda
Anti Maman Hanan, bari in ba ki lissafi don ni na ƙirga da agogo. Tamu lita huɗu ce da ɗan wani abu. Ƙananan sambusa, waɗanda ake raba fallen leda na kamfanin Switz biyu a tsaye a naɗe, guda 14 take ɗauka in an jera su ba ɗaya kan ɗaya. Ina fara ɗumama ta minti uku, in shafa musu mai da buroshi gaba da baya, in sa a 180, minti biyar in juya, wasu biyar in sauke. Wato 120 zubi tara ne, awa ɗaya da rabi in ba ki tsaya ba, da jerawa da kwashewa ki ce awa biyu. Tsakanin la'asar da magariba zai isa amma da ƙyar, kuma zubin farko ya huce kafin na ƙarshe ya fito. Abin da na lura: naman sai an soya shi ya tsane sarai, don iskar ba za ta dafa ɗanye ba kafin bayan ya ƙone. Bakin a liƙe shi da kwaɓin fulawa da ruwa sosai. Na jubna kada a cika, kuma in an sa su firiza sun daskare aka zuba kai tsaye ba sa fashewa kamar sabon naɗi, sai dai a ƙara minti biyu ko uku. In ba a shafa mai ba gefen yana bushewa ya yi fari, ba daɗi. Launinsu dai ba ya kai na kasko, wannan gaskiya ce.

Hajiya Talatu, Shari'a Mansur
To kun ji. Zubi tara! Ni kaskona 40 yake ɗauka a zubi ɗaya, minti huɗu na kwashe. Zainabu, ku nawa ne a gidanku?

Zainab A., Jidda
Mu biyar ne Hajiya.

Hajiya Talatu, Shari'a Mansur
To 'yata, mai yi wa mutum biyar ba ta ba mai oda shawara. Ni tun ana sayar da sambusa huɗu riyal ɗaya nake wannan sana'a, da ita na aurar da 'ya'ya uku. Mai saye da ido yake fara ci. Ki kai masa fari-fari ki gani ko zai dawo gobe.

Maman Amir, Jidda
Haba Hajiya, ita kaɗai ce fa ta amsa abin da aka tambaya. Ke kin taɓa kunna gallayar ma kuwa? Cewa aka yi wadda ta yi da hannunta.

Hajiya Talatu, Shari'a Mansur
Ba sai na sa hannu a wuta zan san tana ƙuna ba. Ga Binta nan ta sa.

Hajiya Binta
Na sa kuwa. Kuma Malam Sani, da sauƙi a ce tausila ce. Mai sayarwar bai ce min kada in jona a tausila ba, babu wanda ya faɗa min, sai bayan ta faru kowa ya zama malami.

Abu Khalid mai dabbab
Jama'a azumi bai kama ba an fara faɗan yunwa. Odar tawa ta koma talatin, goma na sulhu ne.

Maman Hanan, Hindawiyya
Na gode ƙwarai, Zainab Allah ya yi albarka. Hajiya Binta wallahi labarinki ya tsaya min a rai. Malam Sani, wutar da take ci fa? Don mitarmu ɗaya ce da maƙwabta.

Malam Sani mai gyaran wuta
Ba ta da ci kamar yadda ake tsoro. Kuɗin wutar gida halala 18 ne (halala ɗari ce riyal ɗaya) kowane kilowat a awa in ba a wuce 6000 a wata ba, sai harajin kashi 15 a kai. Mai wat 1500 in ta yi awa biyu ta ci kilowat uku, halala sittin da 'yan kai ke nan. Wata guda bai kai riyal ashirin ba. Mukayyif ɗaya na taga ya ninka ta sau da yawa.

Rabi 'yar Misfala
Malam wannan lissafin na mai mitar kansa ne. Mu gida shida ne a kan mita ɗaya. In an haɗu an wuce 6000 sai ta koma halala 30, kuma mai gida raba faturar wutar yake daidai wa daida. Ni da mijina mu biyu, mukayyif ɗaya, muna biyan abin da mai 'ya'ya tara da mukayyif uku ke biya. Watan zafi 310 aka ce in kawo.

Ummu Rayyan
Ku gara ku, ana nuna muku faturar. Mu haris, mai gadin gidan, ne ke zuwa da 'yar takarda ya rubuta da biro. Ka ce a nuna maka ta asali a ce in ba ka so ka tashi.

Maman Amir, Jidda
Ai ana iya duba ta a waya in kuna da lambar mitar.

Ummu Rayyan
Mitar tana cikin akwati da kwaɗo, mabuɗin na wurin haris.

Hajiya Binta
Mu tun abin nan nawa, duk watan da fatura ta hau sai a kalle ni, alhali gallayar tana kan sif a kwalinta ko taɓa ta ban sake yi ba. Wata ma cewa ta yi a ƙara min kaso tunda sana'a nake da wutar jama'a. Da gas nake suya, gas ɗin da nake saye da kuɗina!

Rabi 'yar Misfala
Wannan shi ne abin da zai same ki Maman Hanan. Ranar da suka ji ƙarar fankar nan ta bango, duk faturar azumi a kanki za a ɗora, ko da halala sittin kika ci.

Malam Sani mai gyaran wuta
Akwai ƙaramar mita da ake sa wa kowane ɗaki a san abin da ya ci, na sa wa gidaje da dama a Rusaifa. Amma sai mai gida ya yarda, kuma masu mukayyif uku ba sa taɓa yarda.

Hajiya Talatu, Shari'a Mansur
Namu mai gidan ko famfo ya lalace sai mun yi karo-karo, balle mita.

Maman Hanan, Hindawiyya
Yanzu ina tunanin ko in sayi ƙarama saboda Baban Hanan kawai, odar in ci gaba da ita a kasko, sauran kuɗin in sa fankar jan hayaƙi. To amma bangon kicin ɗin na maƙwabta ne, ban san ta inda za a fasa ba. Malam Sani, jan layin nan nawa zai ci? Kuma akwai wadda ta taɓa soya su rabi a kasko da rana ta ƙarasa a gallaya dab da magariba?

Rabi 'yar Misfala
Malam, ƙaramar mitar nan nawa take, kuma in mu huɗu muka yarda biyu suka ƙi, ana iya sa wa namu kaɗai?