Tankin ruwan zafi: digiri nawa ya kamata ya sauka kafin gari ya waye?

Mai Tambaya:
Assalamu alaikum masana. Tanki ne na lantarki mai cin lita 150. Ana kashe shi da dare ruwan yana digiri 60, bayan awa 9 sai a tarar da 45, alhali ba wanda ya buɗe famfo. Haka suke hucewa ko akwai matsala?

Abu Hanif:
Wa alaikumus salam. Akwai matsala, Malam, lissafi ma zai nuna maka. Kowace lita ɗaya in ta sauka da digiri ɗaya, ta zubar da zafin da ya kai wat 1.16 na tsawon awa guda. Lita 150 sau digiri 15 sau 1.16, ka ga kilowat-awa 2.6 ke nan cikin awa 9, wato kusan wat 290 ba tsayawa. Tanki mai wannan girma da ke da soso mai kauri na riƙe zafi a jikinsa, wajen wat 60 yake zubarwa a ɗaki mai digiri 20. Digiri 3 ya kamata ka rasa, ba 15 ba. Ƙaramin tanki ya fi saurin hucewa domin faɗin jikinsa ya yi wa ruwan cikinsa yawa, amma lita 150 ba ƙarami ba ne.

Umma Aisha:
Kafin a ɗora wa sosan laifi, a duba bututu, nan ne aka fi samun ɓarakar. In bututun fita ya miƙe sama daga kan tankin kuma ba a naɗe shi ba, ruwan zafi yana hawa cikinsa, ya huce, ya yi nauyi, ya gangaro, wani ya hau. Haka zai kwana yana zagayawa. Taɓa bututun da asuba: in akwai ɗumi har nisan mita ɗaya ko biyu, ka kama ɓarawon. Maganinsa a lanƙwasa bututun ƙasa kamar santimita 20 da zarar ya fito, sannan ya hau, domin ruwan zafi ba ya gangarawa da kansa. A naɗe aƙalla mita biyun farko da soso, har da gwiwoyi da mahaɗai, waɗanda galibi ake bari tsirara. Sai dai kada a rufe bakin bawul ɗin rage matsi.

A kuma duba ɗiga. Famfon zafi ko wancan bawul ɗin in yana ɗiga, duk abin da ya fita ruwan sanyi ne ke maye gurbinsa.

Baban Sadiq:
Gwajin da zai raba gardama: a kai ruwan 60, a kashe wuta, a rufe bawul ɗin shiga da na fita, a auna da safe. In saukar ta koma digiri 3 ko 4, laifin bututu ne ko ɗiga. In tana nan, sosan ya jiƙe ko ya yi siriri. A lura da inda ma'aunin yake, domin ruwan ƙasan tanki ya fi na sama sanyi sosai.

Wasu za su ce ka rage zafin don rage asara. Gaskiya ne asarar tana bin tazarar da ke tsakanin zafin ruwa da na ɗaki, amma ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa tsakanin digiri 20 da 45. Ka bar shi a 60, ka gyara bututun.