Ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya: wa ya taɓa raba mita a Kumasi?

Ɗan Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Gidanmu na gado ne a Aboabo, ɗaki goma sha ɗaya, mita ɗaya tilo tun zamanin kakanmu. Tunda Baba ya rasu Mma ce ke riƙe da littafin kuɗin wuta, kuma wallahi littafin nan ya tsufar da ita. Duk wata sai ta zauna bakin ƙofa da biro tana ƙirga foyin, wato makin da ake ba kowane kayan wuta don raba kuɗin: kwan fitila ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu, firji huɗu. Dutsen guga da hita su ake ɓoyewa, a kansu kuma ake rigima. Makon jiya kiredit ya ƙare ƙarfe ɗayan dare ana tsananin zafi, jaririn ɗakin ƙarshe na ta tsala kuka, magidanta biyu suka kusa ba hammata iska a tsakar gida. Da asuba na tarar da Mma zaune kan darduma tana share hawaye. Ina so in raba wa mutane mita. Wanda ya taɓa bin hanyar nan, don Allah ya faɗa mini abin da ya tarar.

Mai Waya, Asawase

Wa'alaikumus salam ƙanena. Sana'ata ke nan, bari in fara. Yawancin mutanenmu suna ɗauka ofishin ECG, kamfanin da ke raba wutar lantarki, shi ne ƙofar farko. A'a, bangon gidanku ne ƙofar farko. Akwai dokar aikin wayar lantarki ta 2011, wadda ake kira L.I. 2008. Ita ta ce ba a haɗa wa gini wuta sai mai shaidar Hukumar Makamashi ne ya yi wayarin ko aka yi a ƙarƙashin kulawarsa, aka gwada, aka cika takardar kammala aiki da sa hannu da hatimi. Mu ma sai da muka zauna jarrabawa kafin a ba mu katin, kuma aji-aji ne: akwai na gidajen zama, akwai na wuraren kasuwanci, akwai na masana'antu. Duk wanda ya ce maka shi mai shaida ne, ka ce ya nuna kati, ka duba sunansa a jerin da hukumar ke fitarwa. Ba rashin kunya ba ne.

In takardar ta samu, sai ka haɗa da Ghana Card da adireshin GhanaPost GPS na gidan, da lambar mitar da ke gidan yanzu tunda rabawa za a yi. Ana iya shigar da buƙata ta PowerApp, manhajar ECG, a waya. Za su turo mai dubawa, ya ga wurin, a fitar maka da kuɗin da za ka biya, ka biya ta hanyar kamfani ka riƙe shaida.

Abin da zai ci maka kuɗi a tsohon gida shi ne raba layi. Gidajen zango da yawa waya ɗaya ce ta zagaye ɗakunan kamar igiyar shanya, wannan ya ja daga wancan. Kowace mita kuwa tana son layinta daga allon mita har ɗakin mai ita, da bireka nata. Na buɗe silin a wani gida kwanaki, na tarar an haɗa waya da ledar burodi maimakon tef, ɓeraye sun cinye rabin robar. Waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, soket yana son 2.5, amma a gidan nan 1.5 ce ke ɗauke da firiza biyu. Sandar ƙasa kuma, wato at, babu ita sam. Irin wannan gida ba zan sa masa hannu ba ko nawa za a ba ni, don sunana ne a takardar.

Maman Sadiya, Sawaba

Ɗan Aboabo, Allah ya yi maka albarka da ka tausaya wa mahaifiyarka. Ni 'yar haya ce, ta ɗaya gefen zan ba ka labari. Shekara shida ina biyan foyin tara alhali kwan fitila biyu da fanka da ƙaramin talabijin ne duk abin da na mallaka. Da na ce ina son tawa mitar, maigidan ya ce ba a fasa masa bango. Sai da na kai maganar wurin limamin unguwarmu, ya taka har gida bayan la'asar, sannan ya yarda. Muna zuwa kuma sai ga tsohon bashi a kan mitar gidan, na lokacin da ake kawo bil a takarda. Aka ce sai an share shi tukuna. Wata uku muna karo-karo, wasu suna cewa su ba su tare a gidan ba lokacin da aka ci bashin.

Abin da ban sani ba sai bayan na samu tawa: akwai farashi mai rahusa da hukumar PURC mai tsara farashin wuta ta ware wa wanda bai wuce yunit 30 a wata ba. In gida guda yana kan mita ɗaya, kafin sati ya zagayo an wuce 30, har a haura 300 inda farashin ke ƙara hawa. Ashe talakan gidan haya yana sayen wuta a farashin mai ƙarfi. Yanzu ina saye ta MoMo daga kan gadona, in na yi tafiya Tamale in kashe komai, in dawo in tarar da kiredit ɗina yadda na bar shi. Ni da matar da muka yi shekara biyu ba ma gaisawa saboda hita, jiya tare muka tafi suna.

Baba Tela, Alabar

Yaro, ka saurari wannan da kyau, don ni na ƙone. Wani matashi mai tsabta ya same ni a shago, da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikata da fayil a hammata. Ya ce bin layi ɓata lokaci ne, shi kwana uku zai kawo mita. Na ba shi kuɗin da na tara na sayen sabon keken ɗinki. Ya kuwa cika alkawari, daren Laraba ya zo da tsani ya ɗaura, wuta ta kama, har na ƙara masa na mota. Wata bakwai ina murna. Ran nan masu bincike suka zo zagaye, suka duba lambar, ashe mitar ta wani ƙauye ce can, daga cikin waɗanda aka raba a shirin kai wuta karkara, aka ciro aka kawo birni. Sunana babu shi a ko'ina. Aka cire ta, aka lissafa wutar da na sha aka ce in biya, kuma gaskiyarsu ce. Saura kwana tara Sallah, ga kayan mutane jibge. Na koma keken ƙafa da fitilar caji ɗaure a goshi, ina da shekara sittin da ɗoriya. Lambar yaron kuwa ba ta ƙara shiga ba. Daga baya na bi hanyar da Mai Waya ya faɗa, na sake biya daga farko. Ka lura kuma, mitar shago dabam take da ta ɗakin kwana, farashinsu ba ɗaya ba ne. In akwai mai shago a gaban gidanku, a rubuta shi a matsayin shago tun farko.

Ummi 'yar Tafo

Sannu Baba, Allah ya mayar da alheri. 'Yan goron nan, masu karɓar kuɗi su ce za su yi maka hanya, suna nan bakin kowace ma'aikata. Abin da ke ba ni takaici, da kalmarmu ta Hausa ake kiransu a duk faɗin Gana, goron da muke rabawa a ɗaurin aure. Yayata ma ta ba wani kuɗi bara, ita ko mitar ba ta gani ba.

Alhaji na Kenyasi

Nawa sabon gini ne, ba rabawa ba, amma wataƙila ya amfani wani. Na sayi fili a Kenyasi, na karɓi takardar rabon fili daga fada da sayit filan, na ɗauka shi ke nan. Na kai linta sai na zo wata safiya na ga an rubuta mini da jan fenti a bango cewa a dakatar da aiki a kawo famit. Laifina ne. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016 ta ce ba a gini sai da izinin asambili, ni kuwa na ce sai na rufa kwano in nema. Mutanenmu su gane aikin kowa dabam ne: asambili ke ba da izinin gini, Hukumar Makamashi ke da ruwa da wayarin, ECG ke kawo wuta. Ku na Aboabo da Asawase da Sawaba asambilinku Asokore Mampong ne, ba KMA ta birnin Kumasi ba, kada mutum ya sha rana zuwa ofishinta na Adum a banza.

Sai maganar fol. In gidanka yana kusa da fol, waya kawai za a ja. Ni fol na ƙarshe ya tsaya nesa da ni, mai dubawa ya ce sai an kafa biyu, kuma kuɗin yana wuyan mai nema. Na bi maƙwabta uku masu gini muka raba. Ɗaya ya ƙi, ya ce bai shirya tarewa ba. Yau daga fol ɗin nan yake shan wuta, ban ce masa komai ba, amma abin yana raina.

Wanda zai sayi fili kuma ya ɗaga kai sama kafin ya duba ƙasa. Manyan layukan GRIDCo, kamfanin dakon wuta, masu kilobolt 161 ana bar musu tazarar kusan ƙafa 50 ta kowane gefe. Wani abokina ya samu fili da araha a ƙarƙashinsu, har yau bulonsa na nan ciyawa ta rufe.

Hajiya mai burkina

Maganar Mai Waya ta tuna mini daren da ba na mantawa. Firiza biyu gare ni, ta burkina da ta zoɓo, duka a soket ɗaya da wani yaron unguwa ya ja mini. Lokacin dumso ne, wato yawan ɗauke wuta, wajen 2015, wuta ta tafi tun safe ta dawo tsakar dare da ƙarfi. Warin roba ne ya tashe ni. Na haska waya na ga soket ɗin ya narke yana ɗiga kamar kyandir, bangon ya yi baƙi har kusa da labule, jikokina uku suna kwance a ƙasa. Babu bireka a ɗakin, sai da na fita tsakar gida ba ɗankwali ina ihu aka zare fis na gidan gaba ɗaya. Washegari na sayar da zannuwana biyu na kira mai shaida. Duk mai ganin kuɗin wayarin ya yi yawa, ni na ga abin da ya fi shi tsada.

Sufyan, Akwatia Line

Ni fa ina da ja, ku yi haƙuri. Duk abin da kuka faɗa daidai ne, amma wa zai biya? Mai turin baro a Kejetia da ke haya ɗaki ɗaya, a ce ya biya mai waya, ya biya gwaji, ya biya mita, bayan adibas na shekara biyu da ya bayar? In maigida ya tashe shi kuma ba zai ciri mitar ya tafi da ita ba, tunda ta kamfani ce kuma a kan gidan aka ɗaura ta. A gidanmu ƙananan mitoci muka sayo a kasuwa, aka sa wa kowane ɗaki bayan babbar. Ƙarshen wata a karanta, kowa ya biya abin da ya sha. Rigima ta mutu.

Mai Waya, Asawase

Sufyan, ban ƙi taka ba, na sa wa mutane irinta da hannuna. Tana kashe gardamar foyin. Sai dai ba ta sauko da ku daga farashin sama, don a idon kamfani har yanzu ku kwastoma ɗaya ne, kuma in mutum ɗaya ya ƙi biya duk gidan ne zai kwana a duhu. In wayar cikin silin ruɓaɓɓiya ce, ƙaramar mita ba ta gyara ta. Maganar wa zai biya kuwa, a ganina wayarin na maigida ne tunda bangonsa ne, ɗan haya ya ɗauki kuɗin mita, a rubuta a takarda cewa in zai tashi za a mayar masa ko a cire masa a haya. A sa shaidu biyu. Na ga zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan rashin wannan 'yar takardar.

Ɗan Aboabo

Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na karanta wa Mma duka jiya bayan isha'i. Labarin Hajiya ne ya fi taɓa ta, ta sa na hau kujera na leƙa silin ɗin ɗakinta da tocila, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Mun tara 'yan haya da safe. Mutum huɗu sun ce a shirye suke, har da mai shagon gaba, uku sun ce sai bayan Sallah, sauran suna son irin ta Sufyan kafin nan. Mma ta ce kuɗin hayar wata uku za ta ware wa wayarin, a fara da layin ɗakunan da ke da yara. Mai shaida zai zo Asabar ya duba. Maman Sadiya, tsohon bashin nan da kika ce, a ina kuka gano adadinsa? Mitarmu ma sai daga baya aka mayar da ita ta kati, ina tsoron kada akwai abin da Baba ya bari ba mu sani ba.